Bakin karen da ka yi watsi da shi, a jikin ɗanka yake sauka: zare ga 'yan Gatawa, Sabon Birni da Isa

1/ Yau zan yi maganar da na san za ta jawo min zagi, amma a daure a karanta har ƙarshe. Yadda muke riƙon karnuka da kyanwoyi a Gatawa, Sabon Birni da Isa sakaci ne tsagwaronsa, kuma yaranmu ke biya da jikinsu. Wani ya fake da addini, wani ya fake da talauci. Duka biyun ba su wanke mu ba. Ga zare 🧵

2/ Na san abin da za a fara rubuto min a ƙasa: "Ana kashe mutane, ana satar mutane, an hana noma, kai kuma ka zo mana da zancen haƙorin kare?" Tambaya ce mai nauyi. Ni ma ɗan yankin ne, ba daga Abuja nake hango ku ba. Zan amsa ta. Amma bari in fara ajiye lissafi.

3/ Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙiyasta ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 duk shekara. Kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya. Kusan duka, har kashi 99, daga kare suke kamuwa. A cikin mutum 10 kuma, 4 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. A wurinmu su waye waɗannan? Masu ɗebo ruwa, masu kiwo, almajirai masu bara da dare.

4/ Ƙwayar cutar a cikin yawun dabbar take. Tana shiga ta cizo, ko yakushi, ko lasar wani rauni, sai ta bi jijiya a hankali har ƙwaƙwalwa. Galibi wata 2 zuwa 3 kafin alama ta fito, wani sa'in mako 1, wani sa'in har shekara. Wurin cizon ya warke, kowa ya manta. Ran da yaro ya fara tsoron ruwa yana firgita da iska, kusan ba mai tashi, ko a Ingila yake.

5/ To ga amsar tambayarku. Mutumin cikin garin Sakkwato in kare ya ciji ɗansa, babur zai hau ya je asibiti. Kai da ke Gatawa fa? Allurar bayan cizo ba sau ɗaya ake yi ba, komawa ake yi a ranaku daban-daban, kuma sai a firij take zama. Ka lissafa kuɗin mota. Ka lissafa hanyar da ba a hawa sai an tambayi labari.

6/ Ku tuna 2021 da aka rufe layukan waya a yankinmu. Ko ka kira wani ka tambaye shi ina ake samun allura, ba hali. Mutumin da asibiti ya yi wa nisa haka, shi ya fi kowa buƙatar kada cizon ya zo da cuta tun farko. Don haka rashin tsaro ƙara wa maganar nan nauyi ya yi.

7/ Ga wani abin da ba a cika faɗa ba. Ƙauye in ya watse, mutane su yi Isa, su yi Sabon Birni, wasu su tsallaka jihar Maraɗi, karnuka a kufai ake barinsu. Ba abinci, ba ubangida. Suna haihuwa a daji, suna faɗa da juna da namun dawa, yunwa kuma ta koro su gefen gari inda karenka da akuyarka da ɗanka suke.

8/ Kare kuma bai san iyaka ba. Gobir ɗaya ce, daga Sabon Birni da Isa har Tsibiri. Mahaukacin kare ba ya tsayawa a shinge a duba masa takarda. Kuma ba mutum kaɗai yake illatawa ba: ya ciji jar akuya, ya ciji jaki ko saniya, su ma sun tafi. Wanda bai ji tausayin kare ba, ya ji na garkensa.

9/ Mu zo kan addini, tunda nan ake ɓuya. Ni ba malami ba ne, ɗalibi ne, amma abin da zan faɗa ku kai wa malamanku su tantance. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai, kare mai rai ba najasa ba ne. Wanke ƙwaryar da ya sa baki sau 7 bin umarni ne. Wasu mazhabobi sun saɓa, gaskiya ne. Amma ko su, ba wanda ya ce ka azabtar da shi.

10/ Eh, akwai hadisin da ya yi gargaɗi cewa lada na raguwa ga wanda ya ajiye kare haka kawai. Amma an togace na farauta, na kiwo da na gona. Karnukan Gatawa na me ne in ba waɗannan ba? A Suratul Ma'ida an halatta naman da horarriyar dabbar farauta ta kamo. A Suratul Kahfi an ambaci karen samarin kogo tare da su.

11/ Hadisi ya zo da labarin wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wani hadisin ya zo da macen da ta shiga wuta don ta kulle kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. Mun haddace su tun muna Islamiyya. Sai mu taso daga makarantar mu ɗebi duwatsu mu bi kwikwiyo. Haba jama'a!

12/ Jifan nan kuma ba wasa ba ne, shi ke haifar da cizo. Karen da kullum ake jifa ya koyi cewa duk yaron da ya matso abokin gaba ne. Yaro gajere ne, cizon a fuska ko wuya ko hannu yake samunsa, kuma cizon da ya fi kusa da kai ya fi saurin kai cutar ƙwaƙwalwa. Babban da ke dariya yara na jifan kare, da hannunsa a ciki.

13/ Sai mafaka ta biyu: "Mu da ba mu ƙoshi ba, da mi za mu kula da kare?" To bari in jero abin da ake buƙata, ku faɗa min wanne ne na masu kuɗi. Na farko ruwa da inuwa. A watan Afrilu zafinmu na wuce digiri 40. Kare ba ya gumi irin namu, da haki yake sanyaya jiki. Tsohon kasko da ruwa a gindin bishiya, nawa ne?

14/ Masu ɗaure kare da sarƙa a tsakar rana, a hana shi abinci "don shi yi zahi", ku ji nan. Abin da kuke samu dabba ce mai ciwo da tsoro, wadda ba ta bambance ɓarawo da jikan gida. Karen gadi na kirki shi ne wanda ya san mutanen gidansa, yake da ƙarfin yin haushi da dare. Yunwa ba ta koyar da gadi.

15/ Yanzu baki da haƙori, wurin da kuka fi yi min dariya. Kwikwiyo na da haƙora 28, yana famfara wajen wata 4 zuwa 6, babban kare ya tashi da 42. Mussa, wadda Kanawa ke ce wa mage ko kyanwa, tana farawa da 26 ta ƙare da 30. Da su suke ci, da su suke aikin da muka ajiye su dominsa. Karen farauta mai ruɓaɓɓen baki ya gama aiki.

16/ Dattin abinci na manne wa haƙori, cikin 'yan kwanaki ya daskare ya zama kamar tsatsa mai ruwan ƙasa. Dasashi ya kumbura, ya yi ja, ya fara jini, haƙori ya yi girgiɗi. Alamu: wari mai tsanani, tauna ta gefe ɗaya, abinci na faɗowa daga baki, dabbar ta zo wurin abinci ta juya. Mu kuma sai mu ce "ya tsufa" ko "ta cika zaɓe".

17/ Gyaran ba ya cin ko sisi. Tsumma mai tsabta, ka naɗe a yatsa, ka jiƙa da ruwa, ka goge bayan haƙoran ta gefen kunci. Kullum in da hali, ko sau da yawa a mako. Tun yana kwikwiyo ake sabar masa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ka gama ka wanke hannu da sabulu.

18/ Sharaɗi, kuma a karanta shi sau biyu: wannan na karenka ne kai, wanda aka yi wa allurar rigakafi, mai lafiya, wanda ya saba da hannunka. Ba karen maƙwabci ba, ba na titi ba, ba wanda ka tsinto jiya ba. In akwai rauni a hannunka, bari sai ya warke. Kuma aikin manya ne, kada a sa yaro.

19/ Kada a yi amfani da man goge bakinmu na mutane. Mu tofarwa muke yi, su haɗiyewa suke yi, kuma sinadaran ciki na cutar da su. Wasu nau'o'in ma, da wasu cingam, na ɗauke da wani abin zaƙi mai suna xylitol wanda kaɗan daga cikinsa na iya kashe kare. Dafaffen ƙashi, musamman na kaza, tsagewa yake yi kamar allura ya soki baki ko hanji.

20/ Wannan shi ne mafi muhimmanci a zaren nan gaba ɗaya. Haukan kare kala biyu ne. Akwai mai faɗa, mai cizon duk abin da ya gani. Akwai kuma mai shiru: muƙamuƙi ya saki, baki a buɗe, yawu na dalala, ba ya iya haɗiya. Mai gida sai ya ce ƙashi ne ya maƙale masa, ya zura hannu ya ciro. Wallahi KADA KA SA HANNU.

21/ Karen da ya sauya hali dare ɗaya, mai fara'a ya koma faɗa, ko mai faɗa ya koma laƙwas, muryar haushinsa ta canza, yana cin ƙasa da itace, yana tangaɗi, a killace shi inda ba yaro ba dabba, a nemi malamin dabbobi. Wanda ya saba duba karensa kullum ne kaɗai zai lura da sauyin da wuri. Amfanin kulawar ke nan.

22/ Sai kaska. Duba cikin kunne, wuya, hammata da tsakanin yatsu. Kaska ba jini kaɗai take sha ba, tana sa wa kare cututtukan jini masu kawo zazzaɓi da rama. Ɗaga leɓensa ko ka ja fatar idonsa ta ƙasa: in ka ga fari fat maimakon ja-ja, jini ya yi ƙasa. Ko kaska ce ko tsutsar ciki, ko duka biyun.

23/ Cire ta: kama ta daf da fata da ɗan matsefi ko tsumma, ka ja a hankali kai tsaye, ka jefa cikin kananzir a gwangwani. Kada ka murtsuke ta da yatsa tsirara, kada ka ɗora mata wuta tana jikinsa. A share makwancinsa, a toshe tsagar bango, don kaskar kare a can take ɓuya ta yi ƙwai.

24/ Yanzu ga "magungunan" da muke kashe su da su da sunan taimako. Na ɗaya: baƙin man inji a kan ƙazwa. Wata mitsitsiyar halitta ce ke haƙa rami cikin fata take kawo ƙazwar. Baƙin mai ƙona fatar yake yi, karen ya lashe ya shiga cikinsa. Akwai maganinta na gaskiya wurin likitan dabbobi, da awo daidai nauyin dabbar.

25/ Na biyu: fiya-fiya da maganin feshin gona a jikin kare ko mussa don ƙuma. Guba ce da ke ratsa fata. Dabbar ta fara dalala, tana rawar jiki, ta mutu, a ce "an yi mata sammu". Yaron da ya rungume ta ma ya kwasa. Maganin ƙwarin wake na wake ne, malam.

26/ Na uku, masu mussa ku riƙe wannan: farasitamol na kashe kyanwa. Hantarta ba ta iya sarrafa shi kamar tamu, ƙwaya ɗaya ta isa. Haka maganin kaska na karnuka mai sinadarin permethrin, in aka shafa mata, farfaɗiya ce da mutuwa. Kada ka je kemis ka ce a ba ka "na zazzaɓi" don dabba.

27/ Na huɗu: albasa. Mu jihar albasa ce, a komai muna zubawa. To albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna fasa ƙwayoyin jinin kare da na mussa in sun ci da yawa ko suna ci kullum. Ragowar tuwo ba laifi, amma miyar da ta sha albasa da yaji a rage. In za ka ɗibar masa, ɗiba kafin a zuba.

28/ Mafarauta, da girmamawa. Kun fi kowa sanin darajar kare a ƙasar nan, kun san sunan kowanne, kun san halinsa. Amma yanke kunnen kwikwiyo da reza ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, ba ya ƙara masa gudu ko ji. Ciwo ne da ƙofar ƙwayoyin cuta. Kuma karenku ne ya fi cuɗanya da namun dawa, shi ya fi cancantar allura kafin na kowa.

29/ Tsutsar ciki. Kwikwiyo mai ƙaton ciki da siraran ƙafafu ba ƙoshi ba ne. Ƙwan tsutsar na fita a kashinsa, ya zauna a ƙasar da yaranmu ke rarrafe suna kai hannu baki. Ana fara ba kwikwiyo maganin tsutsa tun yana mako 2, a riƙa maimaitawa duk mako 2 har wajen wata 3. Babba kuma duk wata 3. A kwashe kashin a binne.

30/ Rundawa da masu layya, ga naku. Ka yanka rago ka ga huhu ko hanta da wasu ƙululai masu ruwa, sai ka jefa wa kare. Ƙululan nan 'ya'yan wata tsutsa ne. Ta girma a hanjin kare, ƙwanta ya fita a kashi, ya koma ga tumaki da mutane, ya yi irin wannan ƙululu a hantar mutum, wani sai an yi masa tiyata. A ƙone ko a binne da zurfi.

31/ Mu dawo kan mussa. Ita ke gadin rumbu ba albashi. A shekarun nan da noma ya zama sai an sayi rai, damin gero ɗaya da ɓera ya ɓata asara ce ta gaske. Zazzaɓin Lassa, da aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, ɓera ke yaɗa shi ta fitsari da kashi a abinci. Cikin shawarwarin WHO na kariya har da ajiye kyanwa.

32/ Amma me muke mata? "Kar a ba ta abinci, in ta ƙoshi ba ta kamu." Ƙarya ne. Kamun ɓera ɗabi'arta ce, mai ƙarfi ta fi kamawa. Kuma ita maciyar nama ce ta asali, tuwo zalla ba ya riƙe ta, idonta da zuciyarta na lalacewa in babu nama. Kan kifi, 'yan guntayen nama, kayan ciki dafaffe. Madara kuwa da yawansu zawo take sa su.

33/ Ga kuma masu cewa mussa baƙa mayya ce, muzuru aljani ne. Da digirinka, da wayarka mai intanet, kana tura wannan a WhatsApp. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi, laƙabinsa Abu Huraira, daga 'yar kyanwa aka samo shi. Hadisi ya nuna ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a gidajenmu. Kai daga ina ka samo naka?

34/ Mussa ba ta buƙatar wanka, ita ke wanke kanta. In ka ga ta daina lasar jiki, gashi ya cukurkuɗe, to ba lafiya, sau da yawa bakin ne ke ciwo. In ka ga gashi ya zube a zagaye kamar kwabo, makero ne, kuma yana kama kan yara. Mai juna biyu kada ta kwashe kashin kyanwa da hannu, akwai cutar da ke iya taɓa ɗan cikin.

35/ In ka zuba maganin ɓera a gida, ka sani mussar da ta ci ɓeran da ya ci gubar ita ma tana cikin haɗari, haka kaji da yara masu rarrafe. Kuma kada a raina cizonta ko yakushinta. Haƙoranta sirara ne, suna shiga da zurfi, wurin ya rufe da ƙwayoyin cuta a ciki. Ita ma tana ɗaukar haukan kare, ita ma ana yi mata allura.

36/ To in cizo ya riga ya faru fa? A adana wannan. Nan take a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, ana zubawa, minti 15 cur. A duba agogon waya, minti 15 ya fi yadda kuke zato tsawo. In akwai aidin a shafa. Kada a ɗaure tamau. Sannan asibiti RANAR, ko da ƙujewa ce kawai.

37/ Ba toka, ba taunannen goro, ba ƙona gashin karen a shafa, ba barkono. Addu'a a yi ta, a kan hanyar asibiti. A faɗa wa ma'aikacin lafiya kare ne ko kyanwa, a nemi allurar haukan kare, don allurar tetanus daban take, ba ta maye gurbinta. Akan yi ranar farko, rana ta 3, ta 7, wani tsarin da ƙari. A kammala duka.

38/ Karen da ya yi cizon, in an san shi, a killace shi kwana 10 ana ba shi ruwa da abinci. In ya wuce kwana 10 garau, alama ce bai ɗauke da cutar a yawunsa ran cizon. Amma ba a jira kwana 10 kafin fara allura. In an kashe shi, kada yara su ja gawar, a sanar da malamin dabbobi, don a ƙwaƙwalwar ake gwaji.

39/ Yara kuma a daina dukansu in sun zo da labarin cizo. Yaron da ya san zai sha bulala don "wa ya aike ka wurin kare", ɓoyewa zai yi. Bayan wata 2 a ce iska ce, a yi ta turare. Ku gaya wa ƙannenku yau: ko lasa ce a kan ƙurji, su faɗa, ba mai taɓa su.

40/ Ban manta da ku ba, 'yan gayun Instagram na Sakkwato da Kano. Ka sayo kare mai gashin ƙasar ƙanƙara, ka ajiye shi a zafin Afrilu don hoto, kana kiran na gida "karen bola". Katin rigakafinsa fa? Shiru. Shamfu mai ƙamshi ba ya hana hauka. Kun sa talaka na ganin kula da dabba iyayi ne, kun ɓata mana magana.

41/ Alhali karen Azawak na makiyayan Nijar da Mali, dogo siriri mai gudu, wanda ya saba da irin zafinmu, babbar ƙungiyar rajistar karnuka ta Amurka, AKC, ta shigar da shi cikin jerinta a 2019. Can ana alfahari da karen Sahel, nan muna jifan namu muna sayo wanda zai suma kafin azahar.

42/ Sai hukuma. Duk sanda aka ce mahaukacin kare ya ciji mutane, abin da ake fara cewa "a kashe karnukan garin duka". Ihu bayan hari. An gwada wannan a ƙasashe da dama bai yi aiki ba: wasu karnukan da ba rigakafi ke shigowa su cike gurbin. Abin da ke aiki an san shi: a yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, a riƙa maimaitawa, cutar ta rasa hanya.

43/ Ba tatsuniya ba ce. A 2019 WHO ta tabbatar Meziko ta kawar da haukan kare da ake ɗauka daga karnuka a matsayin matsalar lafiyar jama'a, da kamfen ɗin allura kyauta shekara bayan shekara. Duniya ta sa wa kanta wa'adin 2030 a daina mutuwa da wannan ciwo. Allurar kanta tun Yulin 1885 Louis Pasteur ya ceci yaro ɗan shekara 9 da ita a Faransa.

44/ Kuma ba sai mun jira Turawa ba. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato ta daɗe tana yin allurar haukan kare. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na da tsangayar likitancin dabbobi da asibitin koyarwa a Sakkwato. Tun 2024 akwai ma'aikatar tarayya ta bunƙasa kiwo. Kayan aiki akwai su. Abin da ya rage su iso gabashin Sakkwato.

45/ Abin da nake nema guda 3 ne. Ɗaya: duk sanda aka fito rigakafin shanu da awaki, a haɗa da karnuka da kyanwoyi, kyauta, ranar kasuwa. Biyu: a tabbatar allurar bayan cizo na nan kullum a manyan asibitocin Sabon Birni da Isa, da firij mai sola. Uku: a yi aikin tare da hukumomin Maraɗi, don rabin aiki a kan iyaka ba aiki ba ne.

46/ Wanda zai ce jami'ai ba za su iya shiga ƙauyuka ba, na ji. To a fara da inda mutane suka taru: cikin garuruwa da wuraren 'yan gudun hijira. A bi ta hannun hakimai da shugabannin mafarauta, su suka san gidan da ke da kare. Limamai su ware huɗuba ɗaya kafin 28 ga Satumba, ranar yaƙi da haukan kare ta duniya.

47/ Mu ɗalibai ma da namu. Kowa in ya zo hutu ya san gida nawa ke da kare a unguwarsu. A haɗa su, a yi karo-karo, a kira malamin dabbobi rana ɗaya ya yi wa duka, kuɗin zuwansa ya rabu. Kwikwiyo daga wata 3 ake fara masa, a sabunta duk shekara, a karɓi kati a ajiye. Kuɗin data na mako guda wasunmu ya fi haka.

48/ Wanda ba ya son kare, ba a ce ya ajiye ba. Ba a ce ka sa shi a ɗaki ko ka rungume shi ba. Amma in ka ajiye, amana ce: ruwa, inuwa, abinci, duba baki da fata, maganin tsutsa, allura. In ba za ka iya ba, kada ka karɓo kwikwiyon. In kuma ba naka ba ne, ƙyale shi ya wuce, ka hana ƙannenka jifa.

49/ Yawancin masu karnukan nan ba su nan dandalin. Baba mafarauci ba ya karanta zare, Inna mai mussa a rumbu ba ta da waya mai intanet. Ku ne za ku kai musu. In ba za ku iya duka ba, ku karanta musu na 20, na 26 da na 36 da bakinku, yau da dare bayan isha'i. Masu zagi kuma ga fili nan a ƙasa, amma a zo da hujja.